Ƙulli Uku a Kan Dutse

Ranar da Kiwon ya fara ganin Darae, jakar shara ce a hannunsa, bakinsa kuma cike da wa'azi.

Daga birnin Daegu ya zo da iyayensa, suka tsallako tsibirinmu a jirgin fito na safe. Suka shimfiɗa tabarma a lungun nan da baƙaƙen duwatsu suka tare wa iska, inda rairayi yake fari sol, ruwa kwance kamar a faranti. Babansa ya yanka kankana, mamarsa tana fama da laima. Shi kuwa gogan, ba ya iya ganin leda a ƙasa ya wuce. Yana tsince-tsince ya iske ƙulli uku na farar takarda a kan dutse, ɗaure da zare. Ya matsa ɗaya, ya ji dafaffiyar shinkafa ce. Ya watsa su a jaka, kan ɓawon kankana.

Sai ga Darae, budurwa cikin baƙin kayan roba na masu nutson katantanwa, gorar iyo a kafaɗa, tana dube-dube.

"Bawan Allah, ba ka ga wasu ƙulli a nan ba?"

"Au, naki ne? Haba 'yammata! Wuri mai kyau haka ki bar guntun abinci?"

Ta dubi jakar, ta dube shi.

"Abincin mahaifiyata ne. Yau shekara shida da ta yi nutso a can, ba ta fito ba."

Ko ɗan goye a tsibirin nan ya san wannan ƙulli. Kakar Darae, wato Kaka Chunja, ita ke kwaso shinkafar farko daga tukunya ta ƙulla, ɗaya na Sarkin Teku, ɗaya na 'yarta marigayiya, ɗaya na jikarta mai rai. Kuma sau ɗaya take yi a shekara. Hannu kawai ta je wankewa kafin ta jefa su a ruwa. Kaka ta dawo, ta leƙa jakar, ta juya ta tafi.

Kiwon ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Kwana huɗu yana rubutu yana gogewa, sannan ya tura saƙo a lambar da ya gani a allon rumfar masu nutso.

"Ni ne mara kunyar nan na ranar Asabar. Ban san yadda ake ba da haƙurin irin wannan ba. Ko abinci ba ya wuce min."

Amsar Darae ta zo da la'asar: "Ka ci abinci. Rashin sani ne. Amma wa'azin ya yi yawa."

Daga nan sai ya zama kullum. Dusik mai tuƙa jirgin fito, wanda ya daɗe yana yi wa Darae toshi da kifi, ya yayata labarin har ya laƙaba wa Kiwon suna Sarkin Shara. Duk ranar da Kiwon ya hau jirgi sai ya ɗaga murya: "Jama'a, kowa ya riƙe ƙunshinsa!" Darae ta ƙwace sunan ta mai da shi nata.

"Sarkin Sharata, ka iso lafiya?"

"Na iso, 'yar teku. Na zagayo ta bayan gona, kar Kaka ta gan ni."

"Har yaushe za ka yi ta ɓuya, Yaya Kiwon? Ba ni da kowa sai ita. In ba ta ce to ba, babu."

A Daegu ma ba a ce to ba. "Mai nutso?" in ji mamarsa. "Kullum ka zauna kana jiran ko za ta dawo?" Da ta ga ɗanta ya kafe, sai ta ce bari ta gyara a matsayinta na babba. Ba ta yi shawara da kowa ba ta aika wa Kaka buhun shinkafa mai tsada.

Kaka ta sa aka mayar da buhun jirgi, Dusik ya ɗora shi a kujerar gaba kowa ya gani. Saƙon Darae gajere ne: "Ashe kun ɗauka shinkafa ce muka rasa." Ta daina ɗaga waya.

Kunya ta farko ta sa shi ɓuya. Ta biyu ce ta fito da shi.

A nan, idan mata suka fito daga nutso, mazan gida ke jira a gaɓa su ɗauke musu ragar katantanwa. Gidan Kaka babu namiji. Kiwon ya ɗauki hutu, ya kama ɗaki, ya shiga layin maza da takalminsa na birni. Ranar farko Kaka ta ratse shi ta ja ragarta. Rana ta biyar ta saki ragar a gabansa ba ta kalle shi ba. Ya ɗauka, ya zame, ya tashi, tsofaffi suna dariya.

Sai a sati na uku ta zauna kan dutse tana cire gilashin nutso, ta ce, "Kai, zo nan."

Ya durƙusa. "Kaka, na yi abin kunya. Mamata ma..."

"Rufe min baki. Ka san me ya sa muke shiga ruwa biyu-biyu?"

"Ban sani ba."

"Ɗaya ta nutsa, ɗaya ta sa mata ido. Ranar nan ni ce idon 'yata. Na hango wata ƙatuwar katantanwa, na ce bari in ɗauko, yanzu zan dawo." Ta goge fuska da bayan hannu. "Kai shinkafarta ka zubar, ba ka ma san ta ba. Ni na haife ta. Duk sanda na gan ka sai in tuna, shi ya sa ba na kallon ka."

Darae tana tsaye a bayansu, ruwa na ɗiga daga gashinta. Ba ta taɓa jin wannan magana ba. Ta zo ta rungume kakarta ta baya, su duka suna kuka.

Can Kaka ta ɗago, a karon farko ta dubi Kiwon ido cikin ido.

"Numfashina ya ƙare, bana zan ajiye gora. A ruwa Darae za ta samu abokiya. A tudu fa? Za ka iya tsayawa ba ka ɗauke kai ba?"

"Zan iya, Kaka."

"Ko ka ga leda a ƙasa?"

Darae ta fashe da dariya cikin hawaye. Kiwon ya ce, "Ko na ga goma."

Da bazara aka yi biki, kwana uku cur. Mamar Kiwon ta sauko daga jirgi kanta a sunkuye, ta kama hannun Kaka da hannu biyu za ta ba da haƙuri. Kaka ta ce, "Bari, 'yar'uwa, kowa a nan da tasa kunyar. Zo ki ci abinci." Dusik ya yi ta ɗauko baƙi a jirgi yana ƙunƙuni. Amarya da ango suka duƙa har ƙasa, surukai suka watsa wa amarya magarya a cinya don samun zuri'a.

Kaka ta dafa kansu su biyu. "Ku tsufa tare. Ke, ki riƙa fitowa da sauran numfashinki. Kai kuma, duk sanda ta ɗago kai, ta same ka kana kallo."