Agarar Ƙafar Hagu

Da yammacin wata ranar kaka, Nastasiya tana tuƙa tuwon masara, sai dutse ya faɗo a kan rufin ɗaki. Mijinta Towader ya ce iska ce ta kaɗo shi. Na biyu a cikin tukunyar ya faɗo, alhali ƙofa a rufe take.

Towader maharbi ne, amma ba ya bin barewa cikin daji kamar sauran mutanen ƙauyen. Kiranta yake yi. Yakan sami itace mai reshe a sunkuye, ya karce ƙasar gindinsa da tsohon kofato kamar yadda namijin barewa ke yi, ya zuba fitsarin macen barewa mai neman barbara, ya laɓe da bindiga. Fitsarin da ya kwana ba ya kira. Don haka ya kama wata 'yar barewa da tarko, ya ɗaure ta a bayan rumbun ciyawa yana tara kwano yana ɗibar fitsarinta. Da ta dame shi da fizge-fizge, sai ya tsinke mata agarar ƙafar hagu. Ko matarsa bai gaya wa ba. Mutum ne da in dabba ta yi kuka, sai ya ce ta cika surutu.

'Ya ɗaya gare shi, Domnika, wadda ke buɗe rawa a dandali duk Lahadi. A duniya ita kaɗai yake so.

Washegarin faɗowar duwatsun, da faɗuwar rana, iyayen suka tarar da ita a bakin ƙofa, ta duƙa tana karce ƙasa da farce har jini. Ba ta amsa sunanta. Can bakin daji mazan barewa sun jeru, sun zuba wa gidan ido, shiru. Tsoro ya kama Towader irin wanda bai taɓa ji ba.

Aka ɗauko Iya Marinka, tsohuwar da ta san addu'o'in korar iskoki. Ta kunna kyandir, ta tsoma ɗoɗɗoya cikin ruwan coci ta yayyafa wa yarinyar, ta tambayi abin da ya shige ta.

"Wane ne kai? Me ka zo nema gidan mutane?"

Muryar da ta fito daga bakin Domnika ta tsohuwa ce, a shaƙe. "Ni ce mai dajin. Da warin 'yata yake kashe 'ya'yana maza. Ni ma ga tasa a hannuna."

"Me za a ba ki ki tafi?"

"Ya sako min tawa. Yadda ya maido ta, haka zan maido tasa."

Iya Marinka ta juyo wurin uban yarinyar. "Towader, ɗan nan, lafiyar dabbar ƙalau? In da wani abu faɗa min yanzu, in roƙi sassauci."

Nastasiya na tsaye, maƙwabta sun cika taga. Kunya ta hana shi faɗin gaskiya.

"Ƙalau take, Iya."

"To na ɗaura alkawari a kan maganarka."

Shi kaɗai ya zagaya bayan rumbun ya kwance igiyar. Barewar ta nufi daji tana jan ƙafa, mazan suka rufa mata baya.

A ɗaki Domnika ta yi atishawa ta buɗe ido, ta ce tana jin yunwa. Nastasiya ta fashe da kukan murna. Yarinyar ta hango ubanta a bakin ƙofa, ta yi murmushi, ta miƙe za ta je wurinsa. Ƙafar ta lanƙwashe, ta zube ƙasa.

"Baba," ta ce, "ƙafata ta hagu ta ƙi taka ƙasa."