Gorar Maganin Baban Tahira

Hantsi ya ɗaga amma rana ba ta fito sosai ba. Ruwan da aka yi da asuba ya bar sama a lulluɓe, ƙasa kuma ta yi irin taushin da fartanya ke so. Gero ya kai gwiwa a gonar Malam Abdulƙadir da ke bayan gari, ta hanyar Minjibir. Tun da gari ya waye Kamaruddeen da abokansa huɗu suke duƙe a ciki, gayya ce ya kawo wa gidan da yake neman aure.

Shekara guda kenan yana neman Tahira, 'yar autar Malam. Magana ta yi nisa, saura manya su zo a tsayar da rana.

Can sai ga ta tafe ta iyakar gona, ƙwaryar koko a ka, ƙosai a hannu. Abokan suka fara tsiya, wai Allah ya sa ba irin kokon Malam ba ne, wanda ko ƙuda ba ya sauka a kai. Ta ce su kwantar da hankalinsu, ga sukarinsu nan a ƙulle daban, kowa ya zuba daidai kwaɗayinsa.

Da ta zo gifta Kamaruddeen ta rage murya.

"Sannu da aiki, mai gona..."

"Wannan sannun ta ishe ni, ƙanwata. Ba su kokon."

"To mu gani in sannu tana maganin yunwa."

Ya yi murmushi ya sunkuyar da kai, don Malam na kusa.

Shekara uku Malam yana fama da ciwon suga, kullum da safe sai ya haɗiyi ƙwayar asibiti. Wata huɗu da suka wuce ya haɗu da wani mai magani a kasuwar Gezawa, mai lasifika a kan mota, ya sayo wasu saiwoyi jiƙe cikin gorar roba. Ruwan baƙi wuluk, ga ɗaci kamar maɗaci. Mai maganin ya ce ai ɗaci shi ke kashe zaƙi, a sha murfi uku safe da yamma, kafin a sa komai a ciki. Tun daga nan Malam ya fara ajiye tumbi, kumatu suka ciko. Inna Kulu, matarsa, har sadakar waina ta yi, ta ce magani ya karɓe shi.

Ran nan ma haka ya yi. Ya sha ƙwaya, ya bi ta da na gora, ya fito gona bai karya ba, har ya karɓi fartanya wai kada yara su ce ya tsufa.

Ba a gama raba kokon ba aka ga ya dafa gindin gawo ya sulale ƙasa. Gumi ya jiƙa masa riga, hannu na rawa, harshe ya karye, yana kiran Tahira da sunan uwarta. Wani ya ce hawan jini ne. Wani ya kalli gawon ya fara karanto addu'a.

Kamaruddeen ya durƙusa ya tallafo kansa. Numfashin Malam ya bugi fuskarsa. Ya san wannan warin. Ya kuma san wannan faɗuwar.

"Tahira, miƙo min sukarin nan."

"Sukari? Yaya Kamal, ciwon suga fa gare shi... kashe shi za ka yi?"

"Ba hawa ya yi ba, sauka ya yi. Ki yarda da ni."

Ta kwance ƙullin. Kamaruddeen ya ga Malam na iya haɗiya, sai ya dama sukarin a ludayin koko ya riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Ba a jima ba idon Malam ya dawo daidai, ya dubi mutane ya tambaya wa ya cire masa hula. Aka yi dariya, Tahira kuwa kuka ta saka tana hamdala.

Da aka kama Malam za a kai shi gida, gorar ta faɗo daga aljihunsa. Kamaruddeen ya ɗauka, ya juya baya ya buɗe ya shinshina. Ya ɗiga ɗigo ɗaya a harshe, ya tofar da sauri.

Akwai abin da ba wanda ya sani a garin. Kafin ya dawo noma, ya yi shekara uku yana yaron mota a wata babbar mota mai ɗaukar hatsi daga Dawanau zuwa Kudu. Ubangidansa mai ciwon suga ne, kuma mashayin giya. Sau biyu ya faɗi a gabansa kamar yadda Malam ya faɗi, har wata ma'aikaciyar asibiti a hanya ta koya masa abin da ake yi. Wannan rabin labarin ne. Ɗaya rabin shi ne, shi ma ya sha. Kusan shekara biyu yana sha, sai rasuwar mahaifiyarsa ce ta dawo da shi gida da hankalinsa. Yau shekara huɗu bai ko kalli inda giya take ba.

Bayan la'asar ya yi wanka ya nufi gidan. Ya tarar da Malam a zaure ya jingina da bango, gorar na gefensa. Malam ya yi ta sa masa albarka. Kamaruddeen ya zauna a bakin tabarma, ya daɗe yana murza yatsu, sannan ya ce don Allah Baba ya daina shan maganin nan, da giya aka jiƙa shi. Ya ce ubangidansa na mota yana sha, a nan ya san warin.

Malam bai yi fushi ba, dariya ma ya yi. Ya ce duk jiƙon da ya kwana biyu haka yake tsami, hanci kuma yana ƙarya. Mutumin da ya sayar masa da maganin ma har da carbi a hannunsa. Ba ga shi ya yi ƙiba ba? Faɗuwar ɗazu yunwa ce kawai da tsufa. Yana faɗa yana buɗe gorar, ya cika murfi, don lokacin shan yamma ya yi.

Kamaruddeen ya kalli murfin nan yana tafiya zuwa baki. Ya ji motsin Tahira a bayan ƙyaure, ta kawo ruwa. Ya san in ya yi shiru aurensa na nan daram. Ya kuma san gobe Malam zai iya faɗuwa a inda babu kowa.

"Baba... hanci yana ƙarya, amma harshe ba ya yi. Na ɗanɗana a gona."

Malam ya tsaya.

"Na san ta ne don na sha ta, Baba. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Shekara biyu. Na tuba tun rasuwar Innarmu. Wallahi abin da ke hannunku ita ce."

Kwanon sha ya faɗi a bayan ƙyaure, ruwa ya gangaro har cikin zaure.

Malam ya ajiye murfin a ƙasa a hankali, kamar wanda ya riƙo kunama. Ya daɗe yana kallon murfin. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Tashi ka tafi."

Kwana tara ba labari. Kamaruddeen ya yi ta kiran wayar Tahira ba ta ɗauka. Kawunsa Fatihu, wanda zai shige masa gaba a neman auren, ya yi ta tambaya me ya faru, shi dai ya ce a jira. Ya yi maimai a gonarsa har inda ba ciyawa. Abu ɗaya ke sanyaya masa rai: ya ji an ce an ga Malam ya je asibitin gari a bayan babur, ya dawo da ƙafarsa.

Rana ta goma ya haɗu da ita a hanyar injin niƙa, ɗauke da kwanon dawa. Ta rame. Ya gaishe ta, ta amsa tana kallon ƙasa, har ta wuce sai ta tsaya.

"Shekara guda kana zuwa ƙofar gidanmu. Me ya hana ka gaya min?"

"Tsoron rasa ki."

"To ran nan ina tsoron naka ya tafi?"

"Yana nan, Tahira. Na ga gara ni in rasa ki da ke ki rasa Baba."

Ta sauke kwanon daga ka ta rungume shi a ƙirji, hawaye na ɗiga cikin dawar. Ta ce ta yi fushi da shi, ta yi har ta gaji, kullum kuma in ta ga Baba ya fito alwala da ƙafarsa sai fushin ya rasa wurin zama.

Sai ta ba shi labarin asibiti. Ita ta matsa aka tafi da gorar. Malama Zulaihatu, mai duba masu ciwon suga, tana buɗewa ta kawar da kai, ta ce wannan ba shi ne na farko da aka kawo mata ba. Ta yi musu bayani yadda za su gane. Ta ce hanta kamar rumbu ce, ita ke ɗebo wa jiki sukari in ciki ba komai. In giya ta shiga, sai hanta ta bar bakin rumbun ta koma fama da ita. Ga ƙwaya kuma tana jan sukari ƙasa, ga aikin gona, ga ba a karya ba, dole mutum ya faɗi, wani ma ba ya tashi. Tumbin da ake murna da shi kuwa ba lafiya ba ce, kitse ne, kuma shi ke sa jiki ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke shigar da sukari inda zai yi amfani. Shi ya sa wasu ranakun in an gwada sai a ga ya hau fiye da da. Yau sama, gobe ƙasa, mutum yana tsakiya.

"Ta ce wanda ya ba shi sukari a gona, a gode masa," in ji Tahira. Ta share ido da gefen hijabi. "Kwana uku Baba bai ja salla a masallacin ƙofar gida ba, yana ta kuskure baki. Sai da limamin Juma'a ya zo ya ce masa babu laifi a kan wanda bai sani ba."

"Ni fa? Me ya ce a kaina?"

"Ban sani ba, masoyi... wallahi ban sani ba. Ni dai na gaya wa Inna inda zuciyata take."

Kalmar nan ya riƙe ya tafi da ita gida.

Washegari aka aiko Malam na nemansa, ya same shi a ƙaramin masallacin ƙofar gida bayan azahar. Hadari ya haɗo daga gabas, an fara yayyafi. Ya tuɓe takalmansa a fili ya shiga. Mutane sun watse, Malam kaɗai ne zaune, rigar ta ɗan yi masa yawa.

Suka gaisa.

"Wata huɗu, Kamaruddeen," Malam ya ce. "Wata huɗu ina sha da bismillah."

"Ba ku sani ba, Baba."

"Ban sani ba. Da ka bar ni a haka, da yau kana cikin shirin aure, ni kuma Allah kaɗai ya san inda nake." Ya gyara zama. "Bayan ni da yarinyar nan, wa ya san maganarka?"

"Ba kowa. Sai Allah."

"To ta tsaya nan. Abin da Allah ya lulluɓe ba ni zan yaye ba. Amma zan tambaye ka, kada ka yi min kara. Giyar tana zuwa maka a rai har yanzu?"

Kamaruddeen ya ce wani lokaci, in rai ya ɓaci. Sai ya tashi ya yi alwala, ko ya ɗauki fartanya.

Malam ya gyaɗa kai, kamar amsar da yake jira kenan.

"Duk ranar da ta zo, ka taho nan ka zauna kusa da ni. Ba sai ka ce komai ba, zan gane." Ya dafa bango ya miƙe. "Ka ce wa Fatihu su zo ranar Asabar. Kada su yi rana, yanzu an sa min lokacin cin abinci kamar ɗan makaranta."

Ya fita abinsa.

Kamaruddeen ya kifa goshinsa a tabarma, ya daɗe a haka, kafaɗunsa na rawa. Bai iya doguwar addu'a ba, Alhamdulillahi kawai yake maimaitawa, yana tuno Innarsu da ba ta ga wannan rana ba. A kan kwanon rufi kuwa ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya.

Da ya fito bakin ƙofa ya duba inda ya bar takalmansa, ruwa ne kawai ke gudu a wurin. Ya waiga. Ga su can ƙarƙashin rumfa, a kan dutsen alwala, an jera su kusa da juna, bakinsu na kallon hanya. Ya ɗaga ido, sai bayan Malam ya hango yana shigewa zaure, yana yarfe ruwa daga hannun riga.

Ya zura ƙafafunsa. A bushe suke.