Ɗigon Jan Farce a Wuyan Jita

Ranar da Dogo ya fara shiga shagon gyaran kayan kiɗa, sai da ya buga goshi da jitar da ke rataye a bakin ƙofa. Auta ta ɗago kai daga teburin aiki, ta ga mutum har kusan rufi, rungume da sabuwar jitar bes, mai kaurin murya, kamar jariri.

"Sannu da aiki. Baba yana nan?"

"Ya fita. Me ya same ta?"

"Jiya na ciro ta daga kwali. Saurara ki ji." Ya taɓa tsirkiya mafi kauri, ta yi wata ziza kamar ƙuda a cikin kwalba.

Auta ta kanne ido ɗaya ta bi tsawon wuyan jitar da kallo. Ya miƙe sambal, shi ya sa tsirkiyoyin ke gogar ƙananan ƙarafunan da ke jere a kansa. Ta zura ɗan lanƙwasasshen makulli ta sassauta sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, rubu'in juyi kacal, sannan ta ɗan ɗaga tsirkiyoyin ta gindi.

"Shi ke nan, Likita?"

"Katako ne, ba a yi masa gaggawa. Ka bar ta ta kwana, gobe ka kawo in duba. Kuma ni ba likita ba ce."

Washegari jita ta yi garau. Ya zauna ya kaɗa mata wajen awa guda, ita kuwa tana ta goge teburin da ba shi da ƙura. Ta ji ya kwanta mata a rai, kuma hakan ya ba ta haushi, don ba ta da lokacinsa. Idon Baba ya fara rauni, ya ce a watan nan zai yanke shawara: ko ya bar mata teburin, ko ya kira ɗan ƙaninsa ya riƙe shagon. Ma'auninsa ɗaya ne, aikin da aka gyara kada ya dawo.

Bayan kwana uku saƙo ya shigo wayarta: "Likitata, mara lafiyarki ta sake fara ziza. In kawo ta da hantsi?"

Ta amsa: "Kawo. Kada ka jingina ta jikin taga."

Ta gyara. Jitar ta dawo. Ta sauya tsirkiyoyi, ta bi ƙarafunan ɗaya bayan ɗaya da ma'auni ko akwai wanda ya taso, babu. Jitar ta sake dawowa. A zuwa na huɗu Baba yana zaune a kujerarsa, sai ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Da yamma Auta ta ji shi a waya yana tambayar ɗan ƙaninsa ko yana da sarari mako mai zuwa.

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Shekara tara tana teburin nan, sabuwar jita guda za ta kore ta? Kafin ta miƙa wa Dogo jitar, ta ɗiga jan farce a kan ƙusar da ake murɗa sandar da ita, inda ido ba ya saurin kaiwa.

Kwana biyu sai ga shi, yana fara'a har kunne. Ta haska da fitilar waya. Ɗigon ya koma gefe.

"Wa ya murɗa wannan?"

"Wai... ko zafi ne?"

"Zafi yana da makulli?"

Ya sunkuyar da kai, duk tsawonsa ya zama abin tausayi. "A cikin kwalin na samu makullin. Na ga yadda kike yi. Idan jitar ta warke, da wane dalili zan zo, Likitata?"

"Da ƙafa za ka zo, kamar kowane mai hankali. Ka san saboda zizarka Baba zai ba wani teburina?"

Bai sani ba. Ta ɗora masa jitar a hannu ba tare da ta gyara ba, ta nuna masa ƙofa. Ya sake buga goshi wajen fita, ba ta ce masa sannu ba.

Da safe ya dawo, amma gaban Baba ya durƙusa. Ya ajiye makullin a ƙasa, ya faɗi komai, har da cewa auren Auta yake so.

Baba ya daɗe yana kallonsa. "Ka ɓata wa 'yata suna a kan aikinta, ka wahalar da katakon da bai yi maka laifi ba, sannan ka zo neman aure? Ban yarda ba. Wanda bai iya barin jita ta huta kwana uku ba, ina zai iya da mutum?"

"Baba, a gwada ni."

"Katako kwana guda ake ba shi. Kai wata guda. Kada in ga ƙeyarka a layin nan." Ya juya wajen Auta. "Ke kuma gyara masa, sau ɗaya. Idan ta kai wata ba ta dawo ba, tebur naki ne."

Watan ya yi wa Auta tsawo, abin da ya ƙara mata haushi. Saƙonsa kullum iri ɗaya: "Kwana goma sha ɗaya. Ba ziza. Ni ne dai ba lafiya."

Sai a rana ta ashirin ta amsa: "Ka sha magani. Kuma kada ka taɓa min jita, Dogona."

Ranar da wata ya cika ya zo hannu rabbana, ya sunkuya ya shige ƙofar ba tare da ya bugi komai ba. Baba ya lura da hakan. Ya miƙa wa Auta tabaran aikinsa na ƙara girma, ya ce wa Dogo ya turo manyansa.

Ranar biki Dogo ya kaɗa wa amaryarsa jitar a gaban jama'a, muryarta mai kauri tana fita tas. Baba ya sa musu albarka, ya roƙi Allah ya ba su zaman lafiya da haƙuri, ya ƙara da cewa haƙurin a fi ba ango.

Da Dogo ya dawo ya zauna, Auta ta matso kusa da kunnensa.

"Tsirkiya ta uku ta ɗan sauka."

"To gobe zan kawo miki."

"Ka kawo ina? Gida ɗaya za mu kwana." Ta buɗe jakarta ta nuna masa ɗan makullin da ya ajiye gaban Baba, ta mayar ta zuge zif.