Kwaɗon da Ba a Danna Ba

"Wallahi ba za ki je ba, Auta!"

"Yaya, don Allah ka saurare ni..."

"Na saurare ki jiya, na saurare ki shekaranjiya. Yau kam ba inda za ki!"

Tana tsaye a tsakiyar falo, mayafi a kafaɗa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗayan a hannu. Mijin nata ya tare ƙofa da faffaɗan ƙirjinsa, sanye da rigar walda mai ƙune-ƙune, idanun nan sun kaɗa sun yi ja. Shekara biyu da aurensu bai taɓa ɗaga mata murya ba sai yau.

Abin da ya haɗa su kuwa maganar kamfanin ɗinkin da take aiki ce. Mata arba'in ne a dogon ɗaki mai ƙofa ɗaya tak. Dokar wurin ita ce shugabar ɗaki ta sa kwaɗo ta ciki da ƙarfe takwas, ta miƙa wa manaja mukulli ta taga, sai azahar a buɗe, wai don kar a saci yadi. Goggo, tsohuwar shugabarsu, wayo take yi: ta rataya kwaɗon ta juya shi kamar a kulle, amma ba ta dannawa. Duk ɗakin sun sani, ba wadda ta taɓa tona ta. Sai ga sabon manaja, sarkin bin diddigi, ya ja kwaɗon ya buɗe a hannunsa. A ranar ya sallami Goggo.

Matan suka ce Auta suke so ta gaje ta. Manaja ya ce ya ji, da sharaɗin yau ta danna kwaɗon a gabansa, in ba haka ba ya kawo nasa mutumin.

"Su arba'in, sai ke suka gani?" Yaya ya ce. "Ke da har yanzu in murfin tukunya ya faɗi sai kin zabura? Wanda ya tsaya a gaba shi ake fara duka, kin fi kowa sani!"

Ta sani kuwa. Shekara uku ke nan da 'yan fashi suka shiga shagon maganin da take aiki da rana tsaka. Ita ce a kan kanta, ita suka fara karya wa hannu.

"Sun dogara da ni, Yaya."

"Ni kuma da wa na dogara?"

Muryarsa ta karye. Ya juya ya fita, ya jawo ƙofar ƙarfen da ya ƙera da hannunsa. Shi dai bawan Allah nan da ƙarfe yake nuna so. Duk ranar da Auta ta yi kuka, washegari sai ya ƙara sakata ko ya sake kwaɗo, a ganinsa lallashi ke nan. Amma kullum ta ciki ake kullewa, mukulli a hannunta. Yau ne kaɗai ya danna kwaɗo ta waje.

Ƙas!

Takalmin ya suɓuce daga hannunta.

Da farko ba ta ji komai ba sai wani sanyi da ya taso daga tafin ƙafarta. Sai numfashi ya ƙi shiga. Ta buɗe baki kamar kifin da aka jefo kan tudu, iska ta ƙi wuce maƙogwaro. Falon da ta share da safe ya fara matsewa. Warin magani ya cika mata hanci, ga kwalaye har rufi, ga ɗumin jini yana ratsa zaninta.

Ta faɗa kan ƙofar da duka hannu biyu.

"Ku buɗe! Jama'a ku buɗe, za ta mutu! Tsuntsuwa, kar ki rufe ido... kalle ni! Wayyo Allah, ku buɗe mana!"

Yaya bai yi nisa ba. Yana kan matakala ya dafe kai, yana jin haushin kansa, ihun ya same shi. Bai san lokacin da ya hayo ba. Mukullin ya faɗi sau biyu kafin ya shiga. Da ƙofar ta buɗe Auta ta zubo a ƙafafunsa, farcenta biyu sun fashe, idonta a buɗe amma ba shi take gani ba.

"Innalillahi! Auta! Ni ne... ni ne, rabin raina. Ga ƙofa a buɗe, kalli, ga ta nan a buɗe!"

Ya zauna dirshan a ƙasa ya rungume ta, yana jin zuciyarta na dukan ƙirjinsa. Sun daɗe a haka kafin ta gane fuskarsa.

"Wace ce Tsuntsuwa?" ya tambaya a hankali.

"Ƙawata ta shagon magani... wadda ta rasu ranar fashin. Saboda yawan waƙarta muke ce mata haka."

"An ce mini harbin ne ya kashe ta."

Ta girgiza kai, hawaye na bin wuyanta.

"A cinya suka harbe ta, Yaya. Likita ya ce da an kai ta da wuri da ta tashi. Sito suka tura mu, suka danna kwaɗo ta waje. Awa huɗu! Kanta a kan cinyata, tana ce mini, Auta, buga ƙofar, ƙara bugawa. Ina bugawa da hannu ɗaya, ana wucewa a titi, ina jin ƙarar motoci. Ina riƙe da ita ta yi sanyi."

Ya ɗaga kai ya dubi ƙofar tasa, sakata uku, kwaɗo biyu, duk aikin hannunsa.

"Shekara biyu ina tara miki waɗannan... me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"Ina ganin yadda kake murna in ka gama sakawa. Sai in jira ka fita, in zare su duka."

Ƙato guda, mai lanƙwasa rodi da hannu, ya kifa fuska a kafaɗarta yana kuka kamar yaro. Ita ce ta koma shafa masa kai.

"Ki yafe mini, masoyiyata. Wallahi tsoro nake ji. Duk ranar da kika makara minti goma, sai in ga kamar za a kira ni asibiti."

"Na sani. Ni ma tsoron nake ji. Amma ɗakin nan cike yake da yadi da wayoyin wuta, Yaya. Akwai mai ciki wata takwas, akwai mai asma. In wani ya danna kwaɗon nan yau, ni na san abin da ke bayansa. Su ba su sani ba."

Sai ya miƙa hannu ya ɗauko takalmin, ya sa mata a ƙafa.

Takwas da kwata babur ɗinsa ya tsaya a ƙofar kamfani. Manaja na bakin ɗakin ɗinki, kwaɗo a hannu, yana duba agogo. A bayansa matan sun yi jugum a kan kekunansu, ba wadda ta kunna.

"Ranar farko da makara? Bismillah, shiga ki danna."

Ya ajiye mata kwaɗon a tafin hannu. Sanyin ƙarfen ya ratsa ta har ƙashi. Ta ɗaga kai ta dubi manaja.

"Yallaɓai... ba zan danna ba."

"Me kika ce?"

"Na karɓi shugabancin, amma ba zan danna ba." Muryar tana rawa kamar ta mai zazzaɓi, ta bar ta ta yi rawarta. "An taɓa kulle ni a ɗaki da mai rauni. Ta mutu a hannuna, tsakaninmu da asibiti ƙofa ɗaya. Ban taɓa faɗa wa kowa a nan ba."

Mai cikin ta dafe baki.

"Allah ya ji ƙanta," manaja ya ce, ya ɗan kawar da kai. "Amma yadin kamfani fa? Ke za ki tsare shi da ido?"

"Zan dawo da kekena bakin ƙofa, ba mai fita ban gan ta ba. Kuma ga mijina can, mai walda ne. Zai yi mana ƙofar da ake turawa ta ciki, da ƙararrawa a kanta, duk wadda ta buɗe har ofishinka za ka ji."

Yaya, da ke tsaye can gefe, ya zaro ido. Shi dai ba a yi wannan shawarar da shi ba.

"Haka ne, yallaɓai," ya ce da sauri. "Kwana uku ma ya isa."

"In na ƙi fa?"

Auta na ganin shi ke nan, ita ma ta bi Goggo. Sai ta ji ƙarar kujera. Mai asmar ce ta tashi ta rataya jakarta. Ta kusa da ita ma ta tashi. Kafin manaja ya ƙifta ido, ɗakin duk yana tsaye, har mai cikin tana dafe da ƙugu.

Ya dube su, ya dubi tulin kayan da ake jira a ƙarshen mako, ya ja dogon tsaki.

"Wata ɗaya. Ƙyalle ɗaya ya ɓata, ke da ƙararrawar taki ku kama hanya."

Yana shigewa ofis ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta. Yaya ya taro ta kafin ta kai ƙasa, jikinta sharkaf da gumi.

"Mu je gida ki huta, kin yi mai wuyar."

"A'a." Ta share fuska da gefen mayafi. "Suna jirana."

"Har yanzu fa rawa kike yi, Auta."

"Gobe ma zan yi. Ka zo ka ɗauke ni ƙarfe biyar."

Matan suka ja kekenta zuwa bakin ƙofa. Sau uku tana gwada zura zare a allura yana kuɓucewa, sai a na huɗu ya shiga. Kekuna arba'in suka ɗauki ƙara.

Can wajen sha ɗaya mai cikin ta zungure ta.

"Shugaba, wai ba ki ce wa angon naki ƙarfe biyar ba? Ko agogo ne ba shi da shi?"

Auta ta leƙa. Yana tsallaken titi a kan babur ɗinsa, cikin rana, bai je shago ba. Da suka haɗa ido ya yi saurin sunkuyawa wai yana duba taya.

Ta yi dariya, hawaye na ɗiga kan yadin, ta ci gaba da ɗinki.