Jatau da Wankin Ciki

A wani gari can, an yi wani manomi, Jatau, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya. Kullum cewa yake cikinsa ya yi datti. Ya sha jiƙo, ya sha kanwa, ya sha sassaƙe.

Matarsa Tabawa ta ce, "Maigida, hanta na tacewa, ƙoda na wankewa. Ruwa da barci kawai suke roƙonka."

"Ke me kika sani?" in ji shi.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, ya shanye ƙwarya guda ta maganin wankin ciki, wai don ya ji ƙarfi. Maƙwabta suka yi shuka, shi kuwa yana ta zarya tsakanin ɗaki da bayan gida. Kafin ya miƙe, ƙasa ta bushe.

Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Tabawa, miƙo mini ruwan nan."