Jar Ƙasa Ko Siminti

"Siminti za a zuba. Magana ta ƙare!"

Kawu Alasan ne ya faɗa, yana kallon kangon da ke bayan gidanmu a unguwar Manshiya, cikin Sabha. Shi ya riƙe ni tun zuwana daga Damagaram. Ni na roƙe shi ya yi mana filin tanis, mu matan unguwa da ke yini a cikin katanga ba wurin zuwa.

"Kawu, siminti yana cin gwiwa... jar ƙasa ta fi taushi."

"Jar ƙasa sai ban ruwa safe da yamma, sai mai gyara kullum. Omar ya gaya mini wanda kike so ya zama mai gyaran!"



Omar ɗansa ne. Tun da na ƙi shi yake bin sawuna.

Da la'asar na tarar da Sadissou magini yana jan igiyar awo.

"Sadissou, ka ce masa jar ƙasa. Kai zai ji. In aka zuba ta, dole a ajiye ka a nan."

Bai ɗago ba.

"Chafa, rabin raina... iskar Sabha za ta kwashe ta kafin zafi ya wuce. Ga ruwa yana yankewa. Matan za su zo su tarar da rami, su daina zuwa."

"To ni fa?"

"Jiya na nemi aurenki. Kawu ya ce ba ya ba wanda yau yana nan, gobe yana can."

"Shi ya sa! Ƙarya ɗaya tak, ka samu zama!"

"Ba zan shiga gidanku da ƙarya ba, Chafaatou."

Na juya, ban yi masa sallama ba.

Ya zuba siminti, ya shimfiɗa roba mai laushi a kai, ya shafa shuɗin fenti. Ran da fararen layuka suka bushe, kamiyon kamfanin da yake wa aiki ya zo kwashe su zuwa Tarabulus.

Ina bayan taga. Ya tsaya a ƙofa, ya daɗe... ban fito ba.

Yanzu filin cika yake. Maƙwabciyarmu Safoura da ƙawayenta suna ihu, mayafai na tashi, har tsofaffi sun koyi riƙe raket.

Bara wani direba ya ce Sadissou ya koma Agadas, ya yi aure.

Na ce, "Allah ya ba su zaman lafiya."

In mata suka watse, nakan tsaya ni kaɗai ina buga ƙwallo a bango.

Shi dai bango, duk abin da na aika masa yana maido mini.