Neman Jinin Baba

Likita ya ce ƙodar ɗan'uwa na jini kaɗai za ta ceci Baba, tawa kuwa ba ta dace ba. A gidan marayu Baba ya tashi, shi ya sa na tare a ɗakin tsofaffin takardu na laburare, ina neman ko mutum ɗaya nasa.

Ran nan har aka fara kashe fitilu ban tashi ba. Sai na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wata matashiya ce zaune a gabana, ban ko ji jan kujerarta ba.

"Wa kake nema, ɗan nan?" Muryarta ta tsohuwa ce tukuf.

Na zayyane mata komai ina hawaye.

"A wane asibiti yake kwance?"

Na faɗa mata, har lambar gado.

"Allah Ya yi maka albarka. Tun yana zanen goyo aka raba mu, na nema har na gaji."

Ta dafa tebur ta miƙe. Hannunta bai bar shaida a ƙurar ba, amma na ga cindonta, irin na Baba, irin nawa.

"Bar takardun nan, jikana. Yau zan tafi da abina."